Rautar gida da aka kwashe wa ƙwaƙwalwa ba ‘girgije’ ba ce, kuma sunan ya shafi aljihun mutanen Yauri

A wuraren buga takardu da cike fom na Yelwa, da ɗakunan shan magani, da otal-otal, da wasu gidajen ma’aikata a Warrah da Shanga, akwai wani ɗan akwati mai fitilu da ake ajiyewa kusa da taga, inda sabis ya fi ƙarfi. Sunansa rauta. Shi ke jawo intanet daga turken sadarwa ya rarraba wa wayoyi da kwamfutoci ta waifai.

Fiye da shekara goma ke nan manyan kamfanonin sadarwa na duniya suna neman rage wa wannan akwati aiki. Dabarar ita ce a kwashe mafi yawan abin da yake yi, a mayar da shi manhaja da za ta riƙa gudana a cikin manyan kwamfutocin kamfani, a bar wa mai gida kwanso da eriya. Masu tallata tsarin sukan laƙaba masa sunan “girgije”, wato irin hidimar da ake samu a Google Drive ko iCloud, inda mutum ke ajiye hotunansa a kwamfutar da bai taɓa gani ba.

Shin sunan ya dace? Daga ɓangaren mai saye bai dace ba. Abin da yake biya wa kuɗi hidimar sadarwa ce, ko da kuwa kamfani ya yi amfani da fasahar girgije wajen samar da ita. Maganar kuma ta wuce gardamar injiniyoyi, domin sunan da aka ba hidima shi ke nuna hukumar da ke da iko a kanta, da wanda ke amincewa da farashinta, da ƙofar da mutum zai ƙwanƙwasa ranar da ta tsaya. Ga yanki irin ƙasar Yauri, mai nisa da cibiyoyin adana bayanai, waɗannan abubuwa uku ba ƙananan al’amura ba ne.

Abin da ake kwashewa

Rauta tana da ayyukan da ido ba ya gani. Duk wayar da ta hau waifai, rauta ce ke ba ta lambar adireshi domin saƙo ya san inda zai sauka. Ita ce ke tattara dukkan na’urorin gida a bayan adireshi guda, ta yadda wanda ke waje ba ya ganin komai sai ƙofa ɗaya. Ita ce ke gadin wannan ƙofa, ta hana baƙon saƙo kutsowa. A cikinta ne kuma mai gida ke saita wanda zai hau da wanda ba zai hau ba, da shafukan da yake son a toshe wa yara.

Duk waɗannan ayyuka lissafi ne, lissafi kuwa ana iya yin sa a ko’ina. Abin da ba ya kwasuwa shi ne eriyar da ke watsa waifai a cikin ɗaki, da bakin da sigina ko waya ke shigowa gida.

A watan Oktoban 2012, a wani taro da aka yi a birnin Darmstadt na Jamus, kamfanonin sadarwa 13, ciki har da AT&T da BT da Orange da Telefónica da China Mobile, suka fitar da takardar haɗin gwiwa suna kiran a daina ƙera na’ura ta musamman ga kowane aiki, a mayar da ayyukan manhajoji a kan kwamfutocin gama-gari. A 2013 cibiyar tsara ƙa’idojin sadarwa ta Turai, ETSI, ta lissafa kayan gida, wato rauta da dikoda, cikin wuraren da tsarin zai yi aiki. A 2016 ƙungiyar Broadband Forum ta fitar da ƙa’ida mai lamba TR-317, wadda ta raba rauta gida biyu: akwati mai sauƙi a ɗakin mai saye, da “ƙwaƙwalwa” a hannun kamfani. Kamfanin Telefónica ya gwada irin wannan tsari a gidajen masu hulɗa da shi a Brazil tare da kamfanin NEC na Japan.

A Najeriya ma an riga an kama hanya, sannu a hankali. Mai amfani da layin waya ko MiFi yana raba adireshin fita duniya da ɗimbin mutane, kuma a cibiyar kamfani ake yin wannan rabo. Na’urar Starlink, wadda ta fara aiki a ƙasar nan a watan Janairun 2023, da manhajar waya ake sarrafa ta, kuma kamfanin ne ke sabunta mata manhaja daga nesa ba tare da ya nemi izinin kowa a kowane karo ba. Tashoshin da a da sai da dikoda ake kama su, yanzu ana kallonsu a waya. Yayin da Gwamnatin Tarayya ke shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar faiba, ranar da za a fara tallata wa gidaje da shaguna cikakken tsarin ba ta da nisa.

Ma’aunin girgije

Kalmar girgije tana da ma’auni da aka sani. A watan Satumban 2011 cibiyar ƙa’idoji da fasaha ta Amurka, NIST, ta fitar da siffofi biyar da hidima za ta cika kafin a kira ta da wannan suna, kuma har yau su ne aka fi kafa hujja da su. Mai saye ya iya ɗiba da kansa a lokacin da ya so ba tare da ya jira ma’aikaci ba. Ya iya kaiwa ga hidimar daga ko’ina, da kowace irin na’ura. Kayan aikin su zama na tarayya, mutane da yawa suna cin moriyar kwamfutoci guda. Hidimar ta iya ƙaruwa ko raguwa nan take gwargwadon buƙata. Sannan a riƙa auna abin da aka yi amfani da shi.

Duk wanda ya san injin niƙa ya san wannan tsari. Mace ba ta buƙatar mallakar inji kafin ta sami gari. Injin na unguwa ne gaba ɗaya. Ranar da take da kwano ɗaya ta kai ɗaya, ranar suna ko biki ta kai buhu. Tana biya da awo. Idan mai injin ya tsawwala ko injinsa ya lalace, ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce na gaba.

Idan aka ɗora rautar da aka kwashe wa ƙwaƙwalwa a kan wannan ma’auni, za a ga ta ci biyu ba gardama. Kwamfutocin na tarayya ne, kuma kamfani yana iya ƙara musu ƙarfi cikin sauri. Sai dai waɗannan biyun kamfanin ne ke cin moriyarsu.

Sauran ukun, waɗanda suka shafi mai saye, a nan ne take ɗingishi. Mai gida ba ya iya ɗiban ƙarfin kwamfuta yadda ya so; iyakarsa ’yan maɓallan da kamfani ya buɗe masa a manhaja. Hidimar a ɗaure take da layi ɗaya da kamfani ɗaya. Abin da ake aunawa a caje shi kuma data ce, kamar yadda aka saba tun fil azal.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a zuciyarsa. Ɗalibin da ya ajiye takardunsa a Google Drive, idan ya cire layin MTN ya saka na Airtel ko Glo, takardunsa suna nan. Idan ya tafi Sakkwato ko Kontagora ya ari wayar abokinsa, suna nan. Mai rautar da ƙwaƙwalwarta ke hannun kamfani kuwa, ranar da ya bar kamfanin, abin da ya rage masa kwanso ne. Wannan ya fi kama da a zo gida a ɗauke dutsen niƙa, a kai shagon mutum ɗaya, a ce daga yau a wurinsa kaɗai za a riƙa niƙa.

Hujjar masu cewa girgije ce

Masu wancan ra’ayi suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa manhajojin da ke maye gurbin rauta a kan irin kwamfutocin da girgije ke amfani da su suke gudana, da irin dabarun rarraba aiki iri ɗaya. Ma’aunin NIST da kansa ya amince da “girgije na kashin kai”, wanda ma’aikata ɗaya ke ginawa domin amfaninta. Sukan kawo misalin Rakuten na Japan, wanda ya buɗe layin wayar salula a 2020 a kan irin wannan gini, da AT&T wanda ya miƙa wa Microsoft tsakiyar cibiyarsa ta 5G a 2021.

Duk wannan gaskiya ne, amma bayani ne a kan abin da ke cikin ɗakin kamfani. Bankuna da dama suna gudanar da wani ɓangare na ayyukansu a kan girgije, amma babu mai sayar da albasa a kasuwar Yelwa da zai ce ya sayi girgije don ya buɗe asusu. Ajiya ya yi a banki, kuma Babban Bankin Najeriya ne ke sa ido a kan ajiyarsa, ko a wace irin kwamfuta aka rubuta ta. Kayan aikin da mai sana’a ya zaɓa ba ya canja sunan abin da ya sayar.

Saboda haka ana iya yarda da abu biyu a lokaci guda. A ɗakin kamfani, tsarin yana iya zama girgije. A kan teburin mai saye, layin sadarwa ne.

Inda sunan ke taɓa aljihu

A Najeriya, hidimar sadarwa tana ƙarƙashin Dokar Sadarwa ta 2003 da hukumar NCC. Kamfanin da ke da lasisi ba ya ƙara farashi sai da amincewar hukumar. Akwai ƙa’idojin ingancin sabis, akwai na kare haƙƙin mai saye, akwai lambar koke ta kyauta, 622. Na’urorin da ake haɗawa da layi ma sai hukumar ta tantance irinsu.

An ga amfanin wannan a watan Oktoban 2024, lokacin da Starlink ya sanar da ƙarin kuɗin wata daga Naira 38,000 zuwa Naira 75,000. NCC ta fito ta ce ba ta amince da ƙarin ba, kuma ya saɓa wa dokar 2003, kamfanin ya dakatar da shi. Farashin ya tashi daga baya, kamar yadda na kira da data ya tashi bayan hukumar ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba a watan Janairun 2025. Mutane sun yi ƙorafi, kuma suna da dalili. Amma aƙalla akwai wurin da aka tsaya aka yi ciniki, akwai kuma hukumar da za a nuna wa yatsa.

Hidimar girgije ba ta da irin wannan linzami. Babu kamfanin ajiyar hotuna da ke neman izinin NCC kafin ya ƙara kuɗi. Manufar girgije da hukumar NITDA ta fitar a 2019 ta fi karkata ne ga yadda ma’aikatun gwamnati za su sayi hidimar. Mai shago a Warrah ba shi ne abin da aka rubuta ta dominsa ba.

A nan haɗarin yake. Idan aka yarda cewa ƙwaƙwalwar rauta girgije ce, an buɗe ƙofar raba kuɗin gida biyu: kuɗin layi wanda hukuma ke sa wa ido, da “kuɗin girgije” wanda babu mai sa masa ido. Ayyukan da a yau mutum ke samu kyauta da zarar ya sayi akwatinsa, kamar toshe wa yara shafuka ko ware waifai na baƙi, suna iya komawa abin biya duk wata. Ranar da intanet ta tsaya kuma, sai a ce layi lafiyarsa ƙalau, matsalar daga girgije take, girgijen kuma wani kamfani ne daban ke kula da shi. Mai saye ya rasa wanda zai riƙe.

Idon da ke shiga ɗaki

Akwai kuma batun sirri. Da rautar da aka saba, kamfani yana ganin gida a matsayin ƙofa ɗaya. Da zarar aikin raba adireshi ya koma hannunsa, yana ganin kowace na’ura da kanta: wayoyi nawa ne a gidan, wacce ce ta kwana a kunne, wacce ta fita da safe ba ta dawo ba sai dare, yaushe baƙuwar waya ta shigo. Masu tsara fasahar ba su ɓoye wannan ba, suna ma lissafa shi cikin amfaninta, domin yana sauƙaƙa gano matsala da tallata sababbin hidimomi.

Wannan ba ya nufin za a karanta saƙon WhatsApp na kowa, domin saƙonnin a kulle suke daga waya zuwa waya. Amma tsarin shige da ficen mutanen gida shi ma labari ne. A yankin da ya ga sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a ranar 17 ga Yunin 2021, ba sai an yi wa kowa dogon bayani a kan darajar sanin wanda ke gida da wanda ba ya nan ba.

Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa masu ba da hidima su adana bayanan zirga-zirga da na masu rajista tsawon shekara biyu. Duk lokacin da abin da kamfani ke gani ya ƙaru, abin da ake adanawa ma yana iya ƙaruwa. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan ’yan ƙasa zuwa waje, ta kuma ce a sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Wannan doka ta hau kan kamfani ko da wane suna ya kira hidimarsa. Ashe ke nan mai saye ba ya samun wata ƙarin kariya idan aka ce girgije. Abin da zai iya faruwa kawai shi ne ya rasa wadda yake da ita a ƙarƙashin NCC.

Ranar da igiya ta tsinke

Mafi yawan manyan cibiyoyin adana bayanai na Najeriya a Legas suke, sai kaɗan a Abuja, da wadda Galaxy Backbone ta gina a Kano aka ƙaddamar a watan Janairun 2023. Nisan kansa ba shi ne babbar matsala ba. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa guda a cikin wayar faiba, don haka kilomita 1,000 ba ta cin fiye da kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa. Matsalar ita ce duk abin da ke kan hanya: wayar da ake binnewa a gefen titi masu aikin hanya su sare ta, turken da man janaretansa ya ƙare, kayan da ɓarayi suka kwance. Yawan irin waɗannan ne ya sa Gwamnatin Tarayya ta ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa a 2024.

Arewa maso Yamma ta ɗanɗana katsewar da ta fi wannan. A farkon watan Satumban 2021 NCC ta umarci kamfanoni su rufe sabis a Jihar Zamfara saboda yaƙi da ’yan bindiga, daga baya rufewar ta shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wasu wuraren sun yi watanni a haka. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni suka yini suna ba da haƙuri.

A irin wannan rana, rautar da ke da ƙwaƙwalwarta tana ci gaba da rabin aikinta. Intanet ta tafi, amma kwamfutar ɗakin kati a asibiti tana magana da ta ɗakin magani. Mai buga takardu yana tura aiki daga waya zuwa firinta. Kyamarar tsaro tana nuna hoto a allon mai gadi. Idan kuwa mai raba adireshi yana can wani gari, kuma hanyar zuwa wurinsa ta yanke, na’urori biyu da ke kan tebur ɗaya suna iya kasa gane juna. Waɗanda suka rubuta TR-317 sun hango wannan, shi ya sa suka tanadi cewa akwatin gida ya riƙe ɗan mai raba adireshi na ko-ta-kwana. Sai dai tanadi a takarda daban, abin da kamfani zai zaɓa ya saka a akwati mai araha daban.

Mutanen bakin Tafkin Kainji sun san wannan darasi tun kafin zuwan intanet. An kammala madatsar a 1968, aka tashi mutane fiye da dubu 40 daga ƙauyuka da tsibiransu domin a tara ruwa wuri ɗaya a samar da lantarki ga ƙasa. An samar, kuma ƙasa ta amfana. Amma tara arziki a wuri ɗaya bai taɓa zama tabbacin zai iso ƙofar kowa ba, har da ƙofar wanda ke kallon ruwan daga bayan gidansa. Shi ya sa duk mai ɗan hali a yankin yake da sola ko janareta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Alherin da ke cikin tsarin

Duk da haka, kuskure ne a ce a yi watsi da fasahar. Tana da amfani, kuma wasu daga cikin amfanin sun fi dacewa da karkara fiye da birni.

Na farko shi ne gyara. Idan saitin rauta ya rikice a wani ƙauye na Ngaski ko a tsibirin da sai da kwale-kwale ake isa, kiran mai gyara yana nufin kuɗin mota da na jirgi da asarar yini. Idan saitin yana hannun kamfani, ana iya gyarawa daga nesa cikin mintuna.

Na biyu shi ne tsaro. Rautocin gida suna daga cikin na’urorin da aka fi sakaci da su. Mutane da yawa ba sa canja kalmar sirrin da suka zo da ita, kuma ba a sabunta musu manhaja. A watan Nuwamban 2016 wani harin da aka kai da wani nau’in muguwar manhajar Mirai ya durƙusar da rautocin masu hulɗa da Deutsche Telekom kimanin 900,000 a Jamus. Toshe ɓaraka a cibiya ɗaya ya fi sauƙi a kan bin gidaje dubbai. Sai dai a tuna cewa ta ƙofar da aka tanada domin sarrafa na’urorin daga nesa maharan suka bi, kuma cibiya ɗaya idan ta faɗi da kowa take faɗuwa.

Na uku shi ne tsada. Akwati mai sauƙi yana iya zama mai araha, kuma ba ya tsufa da wuri, tunda sababbin abubuwa a manhaja ake ƙara su. A lokacin da faɗuwar darajar Naira ta sa duk kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, wannan abin dubawa ne.

Amma waɗannan alherai uku babu wanda ya dogara da sunan girgije a cikinsu. Ana iya samun su duka a ƙarƙashin lasisin sadarwa.

Abin da ya kamata a yi

Tun ran gini ran zane. Kafin tsarin ya cika kasuwa, akwai buƙatar NCC ta fayyace a rubuce cewa duk aikin da rauta ke yi domin haɗa gida da intanet, ko a ɗaki ake yin sa ko a cibiyar kamfani, ɓangare ne na hidimar sadarwa. Farashinsa ya bi ta hannun hukumar. Idan ya tsaya a lissafa shi a matsayin katsewar sabis, kuma kamfanin da ya karɓi kuɗin mai saye shi ne zai amsa tambaya, ko da ya ba wani kwangilar kula da kwamfutocin.

Wajen tantance na’urori, ya dace a sa sharaɗin cewa duk akwatin da za a sayar ya iya riƙe haɗin cikin gida idan layi ya yanke. Ya dace kuma a bar wa mai saye zaɓin haɗa rautarsa ta kansa. Wannan ba baƙon abu ba ne: Jamus ta kafa dokar ’yancin zaɓen rauta tun watan Agustan 2016. Ita kuwa NDPC, aikinta ne ta tilasta wa kamfanoni su bayyana abin da suke gani a cikin gida, da inda suke ajiye shi, da tsawon lokacin da zai zauna, cikin harshen da mai saye ke ji, har da Hausa.

Gwamnatin Jihar Kebbi da ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga su ma suna da rawar takawa, domin su ne ke saya wa asibitoci da makarantu da ofisoshi intanet. Duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu, a rubuta a cikinta abin da zai ci gaba da aiki ranar da babu sabis. Asibitin da ya mayar da katin marasa lafiya cikin kwamfuta bai kamata ya tsaya cak ba don an sare waya a hanyar Kontagora.

Shi kuma mai shago ko mai gida, idan ɗan talla ya zo masa da akwati yana cewa na girgije ne, tambayoyi huɗu sun ishe shi. Idan sabis ya ɗauke, waya da firinta za su ci gaba da ganin juna? Idan ya bar kamfanin, akwatin zai yi aiki da wani? Akwai kuɗin wata bayan na data? Idan abu ya lalace, 622 za ta karɓi kokensa? Amsoshin da ya samu su ne za su nuna masa ko ya ciro kuɗinsa ko ya bar su a aljihu.